Ƙarar da Ta Fito Daga Ƙarƙashin Hijabin 'Yata

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan fara, in kai tsakiya, in goge. Wani lokaci in ce kada wani ya gane makarantar, a ce na ɓata musu suna, in kwashi alhaki. Wani lokaci in ce ni da iyakar karatuna firamare, wa zai tsaya ya karanta nawa. Har malamin Islamiyyarmu na tambaya ko ba da labari irin wannan yana cikin giba. Ya ce in ban kama sunan kowa ba, babu laifi. To ba zan kama ba. In kun ga kuskure a rubutun ku yi mini uzuri.

Shekarun baya, lokacin da 'yata ta fari take aji uku a ƙaramar sakandare, muna zaune a wani gidan haya a Agege, irin mai ɗakuna suna kallon juna. Maigidana harkar shanu yake yi, yau yana Legas, gobe yana Arewa wajen saye. Ni kuma ina yin dambun nama a gida ina kai wa masu shaguna. Mahaifiyata tana tare da mu tun bayan rasuwar babanmu, mu duka Inna muke ce mata.

Waɗanda suka san ni sun san ni da fargaba. Ni ce mai kaiwa bakin titi in dawo in duba ko na kashe gas, in duba, in fita, in sake dawowa don ban yarda da dubawar farko ba. Maigidana yakan ce da tsoro sana'a ne, da tuni na gina bene a Ikeja.

Gidan da muke ciki yana da rijiyar burtsatse da baƙin tanki a sama. In an kawo wuta sai a kunna inji ruwa ya hau. Matsalar ita ce ba mai sanin tankin ya cika sai ya fara ambaliya, kuma daidai ƙofar matar mai gidan yake zubowa. Dattijuwa ce Bayarabiya, Iya muke kiran ta. Ba ta da mugunta ko kaɗan, amma duk wanda ya kunna inji ya manta, ranar sai ya ji tarihin kakanninsa da Yarabanci. Ni in ranar kunnawata ce, a ƙarƙashin tankin nake tsayawa ina kallon sama har wuyana ya ƙage, nama yana can yana kamawa a tukunya.

'Yata kuwa tun tana ƙarama mai kwance-kwance ce. Rediyon babanta, tocila, tsohuwar fanka, duk sai ta buɗe ta ga abin da ke ciki. Na sha dukan hannunta a kan haka don tsoron kada wuta ta ja ta. Wata rana ta ɗauki robar bota da ta ƙare, ta sa batura a ciki, da wani ɗan abu mai ƙara da ta ciro daga motar wasan ƙaninta, da ƙaramin ƙwan fitila ja. Ta fito da dogayen wayoyi biyu, ta naɗe robar da baƙin salatif. Ta roƙi wani maƙwabcinmu ya hau ya rataya bakin wayoyin a wuyan tankin daga ciki. Da ruwa ya taso ya taɓa su, sai robar ta kama kuka a tsakar gida, ƙiii, ƙiii, jan ƙwan yana ƙyaftawa. A kashe inji, ruwa ya ɗan sauka, ta yi shiru.

Iya har rawa ta taka ranar. Daga nan ba ta ƙara kiran yarinyar da sunanta ba, sai Injiniya. Ni ma wuyana ya huta.

Ana nan sai malaminsu na kimiyya ya ce kowane ɗalibi ya kawo wani abu da ya haɗa da hannunsa, za a nuna wa 'yan makaranta. Makarantar ta kuɗi ce, yara Yarabawa da Inyamurai sun fi yawa, Hausawa ba su da yawa. Mun zaɓe ta ne don sun yarda mata ta sa hijabi. Ta gaya wa malamin abin da ta yi, ya ce lallai ta kawo. Ta kwana biyu ba ta da zance sai wannan.

Ranar da za ta kai, aka tashi da ruwan sama, irin na Legas da ba ya sallama. Na shiga abin da na saba. Jakarta zif ya lalace, ruwa zai shiga. In ta riƙe a hannu wani zai fizge a danfo, motar hayar nan ta Legas. In ta sa a leda ledar za ta fashe. Ina ta zagaye ɗaki ina lissafa masifu, Inna tana zaune a kan darduma tana kallona.

"Ke dai Allah bai ba ki dabara ba," in ji ta. "Abu mai daraja a jaka ake sa shi? Zo nan, ƙawata."

Haka take kiran jikar tata. Ta ɗauko wani tsohon ɗankwali, ta naɗe wayoyin, ta ɗora robar a cikin yarinyar, ta ɗaure ta tamau a ƙugu kamar lalita. Haka matan garinmu suke tafiya da kuɗi da 'yan kunnen zinari tun kaka da kakanni, kuma haka Inna ta zo da nata daga Arewa har Legas ba a taɓa mata ko allura ba. Ta saki hijabin a kai, ya rufe komai.

'Yata tana ta dariya. "Inna, kin mai da ni kamar mai zuwa sayen saniya."

"Tsaya mini da kyau, mai bakin tsiya. Ɓarawon da zai kai hannu nan sai ya fara gaisawa da ni."

Ni kuma na ji hankalina ya kwanta, har na yaba wa Inna. Shekarun nan kuwa su ne waɗanda kullum rediyo yake kawo labarin tashin bam a Arewa, har ana cewa yara mata ake ɗaura wa a ƙarƙashin hijabi a tura su kasuwa. Ina jin labaran, ina kuka a kansu. Amma a cikin duk masifun da na lissafa da safen nan, wannan ɗaya ba ta zo mini ba. A idona robar bota ce ta tankinmu.

Da hantsi ina tsaka da dakan nama wayata ta yi ƙara. Mace ce take magana da Turanci da sauri. Abu biyu na tsinta, 'yarki da 'yan sanda. Na fito tsakar gida da taɓarya a hannu ban sani ba. Iya ta karɓi wayar ta saurara, na ga fuskarta ta sauya. Ba ta yi mini bayani ba. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Maman Injiniya, ɗauko mayafinki. Tare za mu je."

Ni da ba na hawa babur ɗin okada ko da rana tsaka, ranar mu biyu muka hau ɗaya a cikin ruwa. Tun kafin mu kai na ga mutane suna gudu suna baro layin makarantar, masu shaguna suna jan ƙofofi. A bakin get kuwa taro ne ba masaka tsinke. Iyaye suna dukan ƙarfen suna kiran sunayen 'ya'yansu. Yarabancina na kasuwa ne, amma ya ishe ni in gane abin da ake faɗa. Bam. Yarinya Bahaushiya. Wani ya ce Aboki, wato mu 'yan Arewa, sun gama da garinsu sun kawo mana nan. Sai na hango wani saurayi yana gangaro da tsohuwar taya. Duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da taya take nufi a cikin taro irin wannan. Ita ake rataya wa mutum a wuya a cinna masa wuta.

Abin da ya faru a ciki, daga baya na ji shi, amma bari in faɗe shi a nan. Ruwa ya jiƙa hijabin yarinyar tun a hanya. Suna tsaye a layin asambuli, an yi tsit shugabar makaranta tana magana, sai jiƙaƙƙen ƙyalle ya taɓa bakin wayoyin nan biyu. Abin ba ya bambanta ruwan tanki da ruwan sama, sai ya kama kuka. Wata malama ta matso ta ce mene ne wannan. Yarinya ta ɗaga hijabi don ta kashe shi. Malama ta ga baƙin abu ɗaure a ciki, ga wayoyi, ga jan ƙwai yana ƙyaftawa. Ihu ɗaya ta yi, makaranta ta watse. Yara suka tattake juna, wasu suka gurje. Daga nesa aka riƙa yi wa 'yata tsawa ta tafi tsakiyar filin ƙwallo, ta kwance abin ta jefar, ta cire hijabi, ta durƙusa ta ɗaga hannu. Ta yi ta cewa na tankin ruwa ne, ba wanda ya tsaya kusa da zai ji.

Iya ce ta ratsa da ni cikin taron, tana ture mutane tana zazzaga musu. A get ta gaya wa ɗan sandan da ke tsaye cewa ga uwar yarinyar. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce uwar? Shigo. Daman ke muke nema."

Ba zan manta abin da na gani ba. Fili fetal, ruwa ya kwanta a ko'ina, ga 'yata ita kaɗai a tsakiya, gwiwoyinta a cikin taɓo, hannuwa a sama. Kanta a buɗe, kitson da na yi mata yana ɗigar ruwa. Rabon da wani namiji ya ga gashinta tun tana 'yar mitsitsiya. Can gefe robar tana kwance a cikin ruwa, tana ta kukanta ba ƙaƙƙautawa. 'Yan sanda sun laɓe a bayan motarsu da bindigogi. Malamai sun taru a lungun wani aji, yara an kulle su a ginin baya.

Ta hango ni. Ba ta yi kuka ba, bakinta kawai ya motsa. Na san ni take kira, Umma.

Aka kai ni gaban babbansu, wani mai ƙiba da furfura a gemu. Yana jin Hausa kaɗan, ya ce ya taɓa aiki a Arewa. Ya ce sun kira masu kwance bam, cunkoson motoci ne ya riƙe su. In sun zo sun gama, ni da yarinyar za a tafi da mu, kuma ba a ofishinsu maganar za ta tsaya ba, sama za a miƙa mu. A unguwarmu mun san waɗanda aka miƙa sama a kan zargi irin wannan. Mun san yadda iyayensu suka yi ta yawo da hotunansu.

"Ina mijinki?"

"Yana Arewa, ranka ya daɗe."

Ya kalli na kusa da shi. "Me yake yi a can?"

"Sayen shanu."

"Yaushe zai dawo?"

"Ban sani ba. Wayarsa ba ta shiga, yana cikin daji."

Iya ta taka mini ƙafa. Na gane nufinta, amma ni ban iya ƙarya ba, ko ta wasa na yi sai ta hana ni barci. Ina ji ina gani kowace gaskiya da na faɗa sai ta ƙara tura mu rami.

"Wa ya ɗaura mata abin?"

"Mahaifiyata."

"Don me aka ɓoye shi a ƙarƙashin hijabi?"

"Saboda ruwa, da ɓarayin danfo."

Ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Na ce masa ranka ya daɗe, abin tankin ruwa ne, malaminsu ne ya ce ta kawo, a tambaye shi. Aka aika aka kira shugabar makarantar da malamin. Shugabar ta ce ita ba ta san da wani abu mai waya da za a kawo mata makaranta ba. Malamin saurayi ne. Aka tambaye shi. Ya kalli shugabar, ya kalli bindigogi, ya ce shi dai ya ce yara su kawo aikin hannu, amma bai taɓa ganin wannan da idonsa ba, kuma bai ce wa kowa ya ɗaura komai a jiki ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai ya san yarinyar, ya san abin da ta gaya masa, ya haɗiye wannan.

Iya ta fara yi wa babban bayani da Yarabanci cewa a gidanta abin yake, ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari masu aikin su zo.

A lokacin ne samari suka fara hawa katanga. Dutse na farko ya faɗi nesa. Na biyu ya faɗi kusa da yarinyar har taɓo ya fantsal mata a fuska. Ana ta jijjiga get. 'Yan sandan ba su da yawa, na ga su ma suna waige. Na duba hanya, babu alamar masu kwance bam. Na gane cewa in get ɗin nan ya ɓalle, ba wanda zai tsaya tambayar robar mece ce.

Har yau ban san yadda aka yi ba. Ni da nake tsoron kunna ashana kusa da gas, sai na ga ƙafafuna suna tafiya cikin filin.

"Madam! Tsaya! Tsaya ko in harba!"

Wani matashin ɗan sanda ne ya daka mini tsawar. Na ji ƙarar da bindiga take yi in an gyara ta. Bayana ya yi sanyi, ina jiran inda harsashi zai shiga. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci. Sai na ji takun silifa a bayana, faca, faca, da muryar Iya tana ihu yadda na kan katanga ma za su ji.

"Harbe mu mu biyu! In bam ne, a kan tankina ya yi wata da watanni, da ruwansa nake dafa abinci! Ku maza ne ku? Kun tsaya kuna kallon yarinya a cikin ruwa!"

Na isa wurin 'yata na yafa mata mayafina a ka. Jikinta kamar ƙanƙara.

"Yaya ake kashe shi?" na tambaye ta.

"Umma, kada ki je, za su harbe ki."

"Gaya mini."

"Ki goge bakin wayoyin kawai. In sun bushe zai yi shiru."

Na je na tsamo robar daga ruwa. Na ji taron kan katanga ya ja numfashi, wasu suka dira suka gudu. Na kama bakin wayoyin na goge da gefen zanina. Kukan ya tsaya.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi a kan kwano. Na ɗaga robar sama don kowa ya gani. Sai na sunkuya na tsoma wayoyin a ruwan da ya kwanta, ta yi ƙiii. Na goge, ta yi shiru. Na sake tsomawa, na sake gogewa. Ban san sau nawa na yi ba, na kasa dainawa. Iya tana tsaye a kaina tana yi wa jama'a fassara kamar mai tallar magani a tasha: tanki ya cika, ga kuka, a kashe inji, ga shiru. Can a kan katanga wani ya fashe da dariya. Daga nan na ji hayaniyar get ta fara sauka.

Babban 'yan sandan ya tako a hankali, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce yarinyar ta buɗe. Ta sa farce ta ɓare salatif ɗin, ina riƙe mata robar. Hoton bota ya bayyana a jikin robar. Ya leƙa ciki, ya juya baturan da bakin biro. Sannan ya juyo kaina.

"Hajiya, kin san da yaron nan ya harbe ki, ba wanda zai tambaye shi dalili?"

Na ce na sani, ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Ni ce har da ba da haƙuri.

Ya karɓi robar ya ce ta zama shaida, ba mu ƙara ganin ta ba. A ƙarshe dai a motar 'yan sanda muka bar makarantar, don ya ce ba zai bar mu mu ratsa taron nan da ƙafa ba. Aka kwantar da mu a baya har muka fita daga layin, aka sauke mu a bakin unguwa. Muna sauka yarinyar ta durƙusa a bakin kwata ta yi ta amai.

Inna da ta ji labari ta bar cin abinci. Tana zaune tana ta cewa da hannunta ta ɗaura wa jikarta ajali. Yarinyar ce ma ta dawo tana lallashin ta.

"Inna, ai ɗaurinki ya yi kyau. Baturan ko ɗigo bai taɓa su ba."

"Rufe mini baki, ja'ira," in ji Inna, tana dariya tana share hawaye.

Ni a wautata na zaci makaranta za ta aiko a ba mu haƙuri. Da aka kira ni, har sabon mayafi na sa. Iya ta raka ni. Shugabar ta ce an dakatar da yarinyar saboda ta tayar da hankalin makaranta. Ta ce iyaye suna barazanar kwashe 'ya'yansu. In har za ta dawo, to kullum da safe za a laluba jikinta a bakin get kafin ta shiga, ita kaɗai.

'Yata ta riga ta gaya mini cewa a ranar wani yaro a ajinsu ya kawo ƙaramar fanka da ya haɗa, ita ma da batura da wayoyi a waje, har malamai suna yaba masa. Na roƙi Iya ta tambaya mini ko shi ma za a riƙa lalube shi. Shugabar ta ce, "Shi ai a hannu ya riƙo tasa. Kuma shi ba..." Sai ta yi shiru ta kama gyara takardun gabanta. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba. Mu uku a ɗakin mun san ƙarshen maganar.

Da maigidana ya dawo ya so ya tayar da rigima, manyan unguwa suka ba shi baki, suka ce mu baƙi ne a nan, kuma Allah ya riga ya tsare. Muka cire ta muka kai ta wata makarantar. Maganar ta mutu a hankali, kamar yadda komai yake mutuwa a Legas in wani sabo ya taso.

Na yi shekaru ina auna abin nan, don ba na son in zalunci kowa ko a zuciyata. Gudun da suka yi ban riƙe su da shi ba. Wallahi da ni ce malamar nan, na ga abin da ta gani a irin wannan lokaci, da ni zan riga yara kaiwa get. Malamin kimiyyar ma na yafe masa, na san yadda tsoro yake ɗaure harshe. Abin da ya tsaya mini shi ne na bayan nan. An buɗe roba, kowa ya ga batura da hoton bota, amma a cikin malaman makaranta guda ba a samu mutum ɗaya da ya dafa kan yarinyar ya ce sannu, ko ya tambaye ta yadda ta yi ta haɗa shi ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na ɗauka wannan tambayar ita ce aikinsu. Abin da na koya shi ne, ɗanmu in zai nuna basirarsa a wurin da ba a san mu ba, sai babba ya riga shi zuwa ya yi bayani. Bai kamata a ce haka ne ba, amma haka na gani.

Yarinyar ta gama sakandare lafiya, Alhamdu lillahi, yanzu ita take taya ni sana'a. Tana da fara'arta, ba za ka ce wani abu ya taɓa samun ta ba. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara kwance ko tocila ba. Ko soket ne ya lalace a ɗaki sai ta ce a kira mai gyara. Ni da na sha dukan hannunta don ta bari, yanzu nakan ajiye lalatacciyar fitila a inda za ta gani, ta ɗauke ta share wurin ta mayar.

Kwanan baya maƙwabtanmu suka kira masu haɗa sola. Na aike ta shanya, na ji shiru. Da na leƙa sai na same ta tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu, ta ɗaga kai tana kallon masu aikin a kan rufi. Ɗaya ya haɗa wata waya, na ji ta ce a hankali, ita kaɗai, "Ba nan ba." Jim kaɗan ogansu ya daka masa tsawa ya sauya. Da ta ga ina kallon ta sai ta juya ta ci gaba da shanya.

Wannan ne ya sa na daure na rubuta, kuma ba ta san na rubuta ba. Don Allah, 'yan uwa mazauna Legas, duk wanda ya san wurin da ake koya wa mata aikin sola ko gyaran kayan wuta, ya gaya mini a ƙasa. In da hali ya zama nan kusa, Agege ko Ikeja, kuma a tashi da rana. Ba na son na ji an ce, ina son wanda ya je da ƙafarsa ko 'yarsa ta yi karatu a can. Ku gaya mini su wane ne malaman, kuma yaya suke da mutanenmu. Abin da na fi son sani shi ne, in yarinya mai hijabi ta shigo musu da waya da batir a hannu, tambayar ta za su fara yi?